Shirin Ƙidayar Waƙoƙi a Gidan Rediyo da Watsa Shi ta Intanet

An shirya wannan ɗan littafi ne domin Hakimai da malaman ofisoshinsu, saboda su ne jama'a kan fara tunkara da tambaya in sun ga abin da ba su gane kansa ba. Tambayoyi uku zai amsa. Ta farko, yaya a ke yi a ji muryar mutum guda yana ƙidaya waƙoƙi a gidajen rediyo masu yawa cikin mako guda, alhali kuwa bai taɓa taka ƙofar ko ɗaya daga cikinsu ba? Ta biyu, wa ke biyan kuɗin wannan aiki? Ta uku, don me wani lokaci shiri ke fita sarai a akwatin rediyo, amma wanda ke sauraren wannan gida ta wayar hannu sai ya ji shiru, ko ya ji wani kiɗa dabam?

Amsar duka ukun tana komawa ga abu guda. Irin wannan shiri kayan aro ne a hannun gidan rediyo, kuma mai kaya shi ke faɗin inda za a kai kayansa da inda ba za a kai ba. Iznin watsa shiri ta iska dabam ne, iznin watsa shi ta intanet dabam ne.

Asalin Shirin

Shirin ƙidayar waƙoƙi shi ne wanda a ke jera waƙoƙin da suka fi karɓuwa cikin mako, a fara daga ta ƙasa a yi ta hawa har a kai ga ta ɗaya. Ya bambanta da irin shirin nan na Zaɓi Sonka da aka saba ji a Rediyon Kaduna, inda mai saurare ke aiko wasiƙa ya nemi waƙa ya gai da 'yan'uwa. A nan ba roƙo ke kawo waƙa ba, lissafi ne.

A Amurka abin ya samo asali. A shekarar 1935 aka fara wani shiri mai suna Your Hit Parade, wanda kamfanin tabar Lucky Strike ya ɗauki nauyinsa. A cikinsa ba faifai a ke sa wa ba, makaɗa da mawaƙan shirin ne ke maimaita waƙoƙin mutane da bakinsu. A Ingila kuma BBC ta fara Pick of the Pops a 1955, kuma Alan Freeman ya karɓi gabatar da shi a 1961.

Amma wanda ya zama abin koyi ga na bayansa shi ne American Top 40. Mutum huɗu suka kafa shi: Casey Kasem, da Don Bustany, da Tom Rounds, da Ron Jacobs, a ƙarƙashin wani kamfani na Los Angeles mai suna Watermark. An fara watsa shi a ƙarshen makon 4 ga Yuli, 1970, a gidajen rediyo 7 kaɗai. Kafin farkon shekarun 1980 gidajen da ke ɗaukarsa a Amurka sun wuce 500, ban da na ƙasashen waje. Da fari sa'a uku ne, a Oktoba 1978 aka mai da shi sa'a huɗu saboda waƙoƙi sun ƙara tsawo. A wannan shekara kuma aka sa masa wani ɗan fili na karanta wasiƙar mai saurare da ke sadaukar da waƙa ga wani na nesa, watau dai ɗan'uwan Zaɓi Sonka. Kasem ya bar shirin a 1988, ya dawo a 1998, sa'an nan Ryan Seacrest ya gaje shi a Janairu 2004. Kasem ya rasu a Yuni 2014.

Yadda A Ke Sanin Waƙar Da Ta Fi

Mai gabatarwa ba shi ke zaɓen waƙoƙi ba. Shekara 21 na farko, shirin ya dogara ne ga jerin waƙoƙi 100 da jaridar Billboard ke bugawa kowane mako tun watan Agusta 1958, ya ɗebi 40 na sama. A wancan zamani ma'aikatan jaridar kan tattara rahoto daga kantunan sai da faifai da gidajen rediyo, kowa ya faɗi abin da ya fi tafiya a wurinsa. Duk malamin da ya taɓa riƙe littafin haraji ya san illar lissafin da ya dogara ga faɗar baki. Tun kafin haka ma an sha samun masu gabatar da shiri suna karɓar toshiya daga kamfanonin faifai don su yawaita sa wata waƙa, har Majalisar Dokokin Amurka ta yi bincike, ta gyara doka a 1960, ta wajabta a bayyana wa masu saurare duk waƙar da aka biya kuɗi don a sa ta.

A Nuwamba 1991 Billboard ta sake hanya. Ta koma ƙidaya faifan da aka sayar ta na'urar da ke karanta lambar kaya a kanti, kuma aka ajiye kwamfutoci a birane suna sauraren gidajen rediyo dare da rana suna rubuta kowace waƙa da aka sa. A 2007 aka fara haɗawa da yawan sauraren da a ke yi ta intanet, a 2013 aka ƙara da na YouTube. Darajar shirin ƙidaya duka tana kan gaskiyar lissafinsa. Ran da jama'a suka gane ana sayen matsayi, ran nan shirin ya mutu.

Yadda Shiri Ke Isa Gidan Rediyo

Kamfanin da ke da shirin shi ke ɗaukar muryar mai gabatarwa a ɗakinsa, ya haɗa da waƙoƙi, ya aika wa kowane gidan da ya ƙulla yarjejeniya da shi. A shekarun 1970 ta gidan waya a ke aikawa, cikin kwali, a kan faya-fayan garmaho, kowace sa'a da nata faifai. Daga baya aka koma faifan CD. Waɗansu kamfanoni kan aika ta tauraron ɗan'adam. A yau galibi ma'aikacin gidan rediyo ke shiga shafin kamfanin da lambar sirri, ya sauko da shirin cikin kwamfuta.

Ko ta wace hanya ya zo, tare ya ke zuwa da takardar jadawali. Ita ce ke nuna kashi nawa aka raba kowace sa'a, da tsawon kowane kashi har zuwa daƙiƙa, da kalmar da mai gabatarwa zai rufe kashin da ita, da gurbin da aka bar wa gidan rediyo ya faɗi sunansa ya sa tallansa. Saboda waɗannan gurabu ne mai saurare ke zaton baƙon nan yana zaune a garinsu. Wani lokaci ma a kan roƙi mai gabatarwa ya ɗauki 'yar gajeruwar murya yana ambaton sunan gidan, a riƙa saka ta tsakanin kashi da kashi.

Wanda Ke Biya

Ciniki iri biyu ne. Ko dai gidan rediyo ya biya kuɗin haya kowane mako ko kowane wata, ko kuwa a yi musaya. Musaya ita ta fi yawa a Amurka, kuma ga yadda ta ke. Kamfani ya ba da shiri ba a biya shi ko kwabo ba, amma ya riƙe wani kaso na lokacin talla. A misali, in cikin sa'a akwai minti 12 na talla, sai ya ɗauki 6 ya bar wa gidan 6. Nasa ya sayar wa manyan kamfanoni da ke son a ji su a gari ɗari a lokaci guda, gidan rediyo kuwa ya sayar da nasa ga 'yan kasuwar garinsa. Kamar mai gona ne da ya ba da aro a kan a raba amfani ran girbi.

Yarjejeniyar kan ƙunshi sharuɗɗa da manajan gidan rediyo ya wajaba ya sani kamar sunansa. A gari guda gida ɗaya a kan ba, don kada a yi kishiya. An ƙayyade ranaku da sa'o'in da za a watsa, ba a riga lokaci, domin in wani gida ya riga ya faɗi waƙar da ta zo ta ɗaya ya ɓata wa sauran. Ba a yanke shiri, ba a cire tallan kamfani. Bayan an watsa kuma sai gidan ya cika takardar shaida, ya rubuta ranar da sa'ar da kowace talla ta fita, ya sa hannu ya mayar. Da wannan takarda kamfani ke karɓar kuɗinsa wurin masu talla, don haka ita ce rasit ɗin cinikin duka. Gidan da ya saba jinkirta ta, ko ya rubuta abin da bai faru ba, a kan ƙwace shirin a ba maƙwabcinsa. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, tun da akwai kwamfutoci masu saurare.

Aikin Mako

A gidan da ke da tsari, mutum guda a ke ɗora wa nauyin shirin. Da zarar ya iso sai ya gwada yawan kashi da tsawonsu da abin da takardar jadawali ta ce. Sa'an nan ya saurare shi tun daga farko har ƙarshe, domin waƙar da ta wuce a wata ƙasa ba lalle ta dace da kunnen wata ba. In ya sami abin da bai kamata ba, ba zai sa almakashi da kansa ba, sai ya sanar da manaja, manaja ya nemi kamfani ya aiko da wadda aka tace ko ya ba da iznin cirewa a rubuce. Bayan haka ya jera kashi-kashi cikin kwamfutar watsa shiri, akawun talla ya cike gurabun gida, a kuma ajiye kwafi na biyu a wata na'ura saboda ɗaukewar wuta. Ran watsawa kuma a bar mutum a ɗaki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sa kashi na uku kafin na biyu, ko a maimaita shirin makon jiya, kuma duka biyu rashin ido ke kawo su.

Watsawa Ta Intanet

A ranar 7 ga Nuwamba, 1994, gidan rediyon ɗalibai na WXYC da ke Chapel Hill a jihar North Carolina ya fara sa shirye-shiryensa a intanet kai tsaye, kuma shi a ke lissafawa na farko. A 1995 wata manhaja mai suna RealAudio ta fito, ta sauƙaƙa wa mutane saurare a gida.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Sautin da ke fita daga ɗakin watsa shiri a kan raba shi biyu. Ɗaya ya tafi injin da ke kai shi eriya, ɗaya ya shiga kwamfuta. Kwamfutar ta matse shi ya ƙanƙance, ta tura wa wata babbar kwamfuta mai rarrabawa, ita kuma ta miƙa wa kowane mai saurare nasa. Saboda wannan zagaye ne sautin waya kan makara da 'yan daƙiƙoƙi, wani lokaci har kusan minti guda, a bayan na akwatin rediyo.

A nan akwai babban bambanci da ya kamata a lura da shi. Eriya kamar mai shela ce a kasuwa: ko mutum goma suka ji ko dubu goma, wahalarsa ɗaya ce. Intanet kuwa kamar aika wasiƙa ce ga kowane mutum, kowace da kan sarkinta. Kowane mai saurare da ya ƙaru, kuɗin gidan rediyo ya ƙaru. Shi ma mai sauraren yana biya ta data. In an watsa da ƙarfin kilobit 128 a daƙiƙa, sa'a guda tana cin wajen megabait 58, watau shirin sa'a huɗu zai ci wajen 230. In an rage zuwa kilobit 64, sai ya ci rabin haka. Shi ya sa gidan da ya san halin jama'arsa kan buɗe hanya biyu, mai nauyi da mara nauyi.

Bambanci na biyu shi ne iyaka. Sautin FM yana ƙarewa bayan tafiyar 'yan mil, amma na intanet babu inda ba ya zuwa. To, ga kamfani ya yi wa wani gida alkawarin shi kaɗai ne a garinsa, ga kuma wani gida daga wata ƙasa yana shigowa garin ta waya da shiri iri ɗaya. Don haka yarjejeniya kan faɗi ɗaya daga cikin uku: ko an yarda a watsa ta intanet ko'ina, ko an yarda amma cikin ƙasa kaɗai, ko an hana sam. In cikin ƙasa kaɗai ne, sai babbar kwamfutar ta duba inda mai saurare ya ke, ta rufe wa na waje ƙofa. In an hana sam, dole injiniya ya sa wani kiɗa a hanyar intanet har shirin ya ƙare. Wannan ita ce amsar tambaya ta uku. Ba lalacewar waya ba ce, cika alkawari ne.

Ladan Masu Waƙa

Kowace waƙa da ke kan faifai tana da masu haƙƙi kashi biyu: wanda ya tsara ta, da kuma wanda ya rera ta tare da kamfanin da ya ɗauke ta. A Amurka gidajen AM da FM suna biyan kashin farko ta hannun ƙungiyoyi irin su ASCAP, wadda aka kafa a 1914, da BMI, ta 1939, amma doka ba ta sa su biyan kashi na biyu ba. Dokokin 1995 da 1998 suka ce a intanet kam sai an biya duka biyu. Gidajen rediyo suka yi gardama cewa ai shirinsu na iska ne kawai suka maimaita. A Disamba 2000 Ofishin Haƙƙin Mallaka ya ce ba haka ba ne, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 2003. Ƙungiyar SoundExchange ce ke karɓar wannan kuɗi ta raba.

Lissafin kuwa bisa kai a ke yinsa: waƙa ɗaya a kunnen mutum ɗaya, ji ɗaya ke nan. A 2021 farashin da aka yanka wa gidajen kasuwanci da ba sa karɓar kuɗin saurare shi ne dala 21 a kan kowane ji 10,000. In mutum 1,000 suka saurari waƙoƙi 40, an sami ji 40,000, watau dala 84 a shiri guda, ban da kuɗin rarrabawa. Dole kuma gidan ya ajiye littafin sunan kowace waƙa da yawan waɗanda suka ji ta.

Talla ma tana da masu ita. A Afrilu 2001 ɗaruruwan gidajen rediyo a Amurka suka rufe hanyoyinsu na intanet kusan a lokaci guda, saboda yarjejeniyar ƙungiyar masu sa murya a talla, AFTRA, ta ce in aka sa tallar rediyo a intanet sai a ƙara musu ninki uku na ladan ɗauka. Masu talla suka ce ba su nemi a kai su can ba, ba za su biya ba. Daga nan aka yawaita amfani da na'urar da ke cire tallar iska ta sa wata a madadinta a hanyar intanet. Haka nan ajiye shiri a shafi don mutum ya saurara lokacin da ya ga dama, wannan izni na uku ne, kuma ba ya cikin biyun farko.

Abin Da Ya Shafi Nijeriya

Ɗaukar shirin wani a watsa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Rediyon waya da aka fara a Ikko a 1935, ya iso Kano a 1944, yawancin aikinsa miƙa shirye-shiryen BBC ne ga akwatunan da ke gidajen mutane. Abin da ya sake shi ne yawan gidaje. Doka ta 38 ta 1992 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa, ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Raypower ta fara aiki a Ikko a 1994, Freedom Radio a Kano a 2003. Yau ɗan Kano da ke Jidda ko Kumasi yana sauraren gidan rediyon garinsu ta waya, kuma duk abin da aka faɗa a sama game da iyaka ya hau kan wannan gida. Ƙidayar waƙoƙi ma ta samu a gida, domin a 2020 TurnTable ta fara fitar da jerin waƙoƙin Nijeriya na mako-mako.

Dokar Amurka ba ta aiki a nan, amma ƙa'idodin Hukumar sun bukaci mafi yawan abin da a ke watsawa ya zama na gida, kuma mai lasin shi ke da alhakin duk abin da ya fita daga gidansa, ko da wani ne ya shirya shi a wata ƙasa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta kare mai waƙa a iska da intanet duka, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ce ke ba ƙungiya iznin karɓar lada a madadin mawaƙa. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, a kan shafa wa na kai ruwa.

Abin Da Ya Kamata A Riƙe

In masu niyyar buɗe gidan rediyo suka zo gaisuwa wurin Hakimi suna neman fili ko goyon baya, yana da kyau a tambaye su lasinsu, da takardar yarjejeniyar kowane shirin aro, da ko ta ambaci intanet, da kuma wanda su ke biya ladan waƙa.

In talakawa suka kawo kuka game da wata waƙa da ta fita, malamin ofis ya rubuta sunan gidan da rana da sa'a, ya kuma rubuta ko a akwatin rediyo aka ji ta ko a waya, domin hanyoyin biyu ba kullum su ke ɗauke da abu ɗaya ba. A fara aika wa manajan gidan, in bai yi kome ba a kai ga ofishin Hukumar.

In mawaƙin gunduma ya zo neman a sa baki waƙarsa ta hau sama a jeri, a fahimtar da shi cewa wannan ba fagen alfarma ba ne. Taimakon da zai amfane shi shi ne a nuna masa ya ajiye shaidar waƙoƙinsa a rubuce, ya shiga ƙungiyar da hukuma ta yarda da ita, kuma kada ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ita da harshen da ya ke ji ba.